Mun rabu lafiya a Ingila, baban yara ya ce in riƙe gida shi ya riƙe fanshonsa. In sa hannu?

Maman Sadik, Lesta

Assalamu alaikum. Na kwana biyu ina juya maganar nan a raina, yau dai na ce bari in fito da ita, ko Allah zai sa a samu wanda ya taɓa bin wannan hanya.

A Zariya aka ɗaura mana aure da baban yara a 2006. Likita ne. Ya taho Ingila a 2008, ya kama aiki da NHS, hukumar asibitocin gwamnati ta nan, a 2009, ni kuma na biyo shi a 2010 da Sadik a goye. Yanzu 'ya'yanmu uku, autar tana shekara 9. Bara zama ya ƙi. Ba duka, ba zagi, kawai dai ruwan zaman ne ya ƙare. Manya daga gida sun yi iya yinsu, bai yiwu ba. Ya sake ni, na yi iddata a ɗakina, sannan muka zauna a teburin cin abinci muka cika takardar kashe aure ta gwamnati tare ta intanet, tunda yanzu ba sai wani ya ɗora wa wani laifi ba. Mun jira makonni 20 ɗin da ake jira, odar farko ta kotu ta fito. Saura kamar mako uku mu cika kwana 43 mu nemi odar ƙarshe.

Ga abin da ya kawo. Gidan da muke ciki zai yi fam 240,000, saura bashin fam 150,000 a kansa. Ya ce in riƙe gidan da mota, zai ci gaba da ba da kuɗin yara duk wata, shi kuma kada a taɓa masa fansho. Ya ce ba sai mun ɓata kuɗi a wajen lauya ba, mu rubuta a takarda, limamin masallacinmu da wani abokinsa su yi shaida. Yana sauri ne saboda an sa masa rana a gida, kuma yana son takardar ƙarshe ta fito kafin ya fara nemar wa amarya biza. Wannan bai dame ni ba, Allah ya sanya alheri.

Abin da ya dame ni shi ne ban san ko nawa ne fanshon ba. Ban taɓa ganin takardarsa ba. Ni shekara 10 na yi ban fita aiki ba, ina reno, shi yana dutin dare yana jarrabawa, ana cilla shi daga wannan asibiti zuwa wancan muna bin sa da akwatuna. Sai 2020 na fara aikin taimakon malamai a wata firamare, kuma abin da ya taru mini a fansho bai wuce fam 9,000 ba. Shekaruna 43. Sannan lokacin sayen gidan nan, gwala-gwalaina na sayar, da filin da na gada a Samaru, na zuba fam 18,000 a kuɗin somin-taɓi.

Da na taɓa wa yayata maganar a waya sai ta ce in ji tsoron Allah, kada in zama irin matan da ke zuwa Turai su tsiyata miji. Tun daga ranar na ji kunya ta rufe ni. Shin in na ce a kawo lissafin fansho na yi rashin kunya? Kuma takardar da liman zai yi wa shaida ta wadatar?

Anti Rabi, Bamingham

Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye biron nan tukuna.

Ni na yi abin da kike shirin yi, a 2013. Tsohon mijina malamin makarantar sakandare ne a nan. Da muka rabu ya bar mini kayan gida da mota da kuɗin hayar shekara guda, jama'a suka yi ta yaba masa, ni ma na yaba. Lauyansa ya rubuto takarda wadda ke cewa daga ranar babu wanda zai sake neman ko sisi a wajen wani. An ce in kai wa nawa lauyan ya duba, na ce me zan kai, mutumin da muka yi shekara 19 tare? Na sa hannu. Alƙali ma ya turo tambaya ko na fahimci abin da nake bari, na ce na fahimta. Wallahi ban fahimta ba. A lokacin ina ɗauka fansho wani ɗan abu ne da ake ba tsofaffi su sayi shayi.

Yau shekaruna 58. Ina aikin dare a gidan kula da tsofaffi, gwiwoyina sun kumbura, ina ɗaga Turawan da wasu ma na kusa kamo su a shekaru. Shi ya yi ritaya, yana rabin shekara a nan rabi a Kano. Ban ce ya cuce ni ba, da hannuna na sa. Amma cinikin biri a sama na yi.

Yayarki tana magana ne da idon gida. A gida in mace ta fito tana da ɗakin uwarta, tana da 'yan'uwa maza, in ta tsufa ɗa zai ɗauke ta. A nan wa zai ɗauke ki? Sadik da zai fito jami'a da bashin karatu a wuya? Tambaya dai ba faɗa ba ce. Ki ce masa, Baban Sadik, na yarda mu rabu lafiya, amma a nuna mini abin da zan yafe kafin in yafe shi.

Yakubu, Manchesta

Hajiya, Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni ba lauya ba ne, magatakarda ne a wani ofishin lauyoyin iyali, shekara 7 ke nan ina shirya irin waɗannan takardu. Zan faɗa miki yadda abin yake tafiya a Ingila da Wales. Sikotland dokarsu daban.

Abu na farko da mutanenmu ke yawan kuskurewa: odar ƙarshe aure kawai take kashewa. Ba ta raba gida, ba ta raba fansho, ba ta rufe ƙofar neman dukiya. Takardar da za ku rubuta a gaban liman tana da daraja a tsakaninku da Allah, amma hukumar fansho ba za ta ko kalle ta ba, domin babu mai ikon yanka fansho sai kotu. Kuma shi kansa likita takardar ba ta kare shi. Akwai shari'ar Wyatt da Vince da ta je Kotun Ƙoli a 2015. An kashe aurensu a 1992 ba su da komai, ba su rufe maganar kuɗi ba. Mutumin ya zo ya kafa kamfanin wutar lantarki na Ecotricity ya yi arziki, matar ta dawo bayan shekara 19, kotu ta ce tana da damar a saurare ta, daga baya suka daidaita a kan fam 300,000. Ki ba shi wannan labari. Yawancin maza da zarar sun ji shi su da kansu suke neman lauya.

Abin da kuke bukata shi ne odar yarjejeniya. Ku daidaita tsakaninku, lauya ya rubuta, ku haɗa da fom D81 inda kowa zai bayyana abin da ya mallaka da abin da yake samu, a tura wa alƙali. Kuɗin kotu bai kai fam 100 ba, kuma galibi babu wanda zai taka ƙafa zuwa kotun. Tunda odar farko ta fito, yanzu ma kuna iya turawa. Sai dai a fom ɗin akwai gurbin darajar fansho, dole a cika shi. Ke nan ko kin ji kunya ko ba ki ji ba, sai ya nemo takardar da ake kira CETV, wadda ke nuna fanshon nawa zai yi in an mayar da shi kuɗi dunƙule. Shi zai rubuta ya nema, kuma hukumar tana da wata 3 ta ba shi. Nasa yana iya ɗan rikicewa, domin wanda ya shiga a 2009 yana da kaso a tsarin fanshon NHS na 2008 da kaso a na 2015, ga kuma gyaran da aka yi wa lissafin shekarun 2015 zuwa 2022 bayan wata shari'a kan fanshon ma'aikatan gwamnati da ake kira McCloud. Ya nema tun gobe.

Yanzu zancen gida a madadin fansho. Doka ta yarda da shi, kuma wani lokaci shi ne daidai, musamman in uwa na bukatar rufin asiri ita da yara. Amma yi lissafi. Abin da yake naku a gidan fam 90,000 ne. In aka raba biyu, 45,000 naki ne dama. Ashe abin da yake ba ki a zahiri 45,000 ne, ba gida ba. Ki ajiye wannan a gefe guda, ki ajiye fanshon likitan da ya yi shekara 16 yana zubi a ɗaya gefen. Ba zan yanke miki adadi ba tunda ban ga takardar ba, amma fanshon NHS ba tulu ba ne da ake zuba kuɗi ya ƙare. Albashi ne ake biya har mutuwa, yana hawa da tsadar rayuwa kowace shekara. Shi ya sa adadin da CETV ke nunawa a fanshon ma'aikatan gwamnati sau da yawa bai kai abin da za ki kashe in za ki sayi irin wannan albashi a kasuwa ba. Jagorar da alƙalai ke aiki da ita tun 2019 ta ce in irin wannan fansho ya haura fam 100,000, ya kamata a nemi masanin lissafin fansho ya faɗi kashi nawa za a yanka don ku tashi da abin shiga daidai a tsufa. Ana biyan sa, yana ɗaukar lokaci, amma kuɗin nan ba asara ba ne.

Don adalci ga likita kuma: fam ɗaya a gida ya fi fam ɗaya a fansho, domin na fansho sai an tsufa, kuma akwai haraji a kan mafi yawansa. Masanin zai sa wannan a ma'auni.

Wata tambayar da ba ki yi ba: banki zai yarda ya mayar da bashin fam 150,000 sunanki ke kaɗai da albashin mai taimakon malamai? Ki je ki tambaya kafin ki karɓi gida. Na ga mata da dama sun bar fansho don gida, bayan shekara biyu gidan ya gagare su sun sayar, sun tashi ba tsuntsu ba tarko.

In kuka zaɓi raba fanshon, wanda doka ta ba da dama tun Disamba 2000, ana rubuta shi ne da kashi cikin ɗari, a haɗa da fom P1. Ba za a ba ki kuɗi a hannu ba, kuma a tsarin NHS ba za ki kwashe ki kai wani wuri ba. Za a buɗe miki naki fanshon a ciki da sunanki. Daga nan naki ne. Ko ya rasu, ko kin sake aure, ba ruwan kowa. Akwai wata tsohuwar hanya da ake barin fanshon a sunansa a riƙa yago miki in ya fara karɓa. Ki guje ta. Sai ya ga dama ya yi ritaya za ki ga kwabo, kuma biyan wata-wata yana tsayawa ranar da ya rasu ko ranar da kika yi aure. Hukumar fansho tana cajin kuɗin aiwatarwa, ku rubuta wanda zai biya.

Na bar mafi muhimmanci a ƙarshe. Kada a nemi odar ƙarshe yanzu. Odar raba fansho ba ta fara aiki sai an kashe auren kuma an cika kwana 28 daga ranar da alƙali ya sa mata hatimi. In aka kashe aure tukuna, sannan ta Allah ta kasance a kansa kafin odar fanshon ta fara aiki, ke ba matarsa ba ce a idon doka balle a ba ki fanshon matar mamaci, kason kuma bai zama naki ba. Shi ya sa a ofishinmu muke jira hatimi, mu ƙirga kwana 28, sannan mu nemi odar ƙarshe. Tunda tare kuka shigar, yana iya nema shi kaɗai in ya ba ki sanarwar kwana 14, don haka lauyanki ya karɓi alkawarinsa a rubuce cewa zai jira. Na ce lauyanki, domin lauyan da ya rubuta masa takarda nasa ne, ba naku ba. Kafin nan ki kira MoneyHelper, ofishin ba da shawara kan kuɗi da gwamnati ke tallafa wa, suna zama da mutum kyauta a kan fansho da rabuwar aure.

Malam Sani, Kano

Duk na karanta. Malam Yakubu ya yi bayanin dokar Turawa, Allah ya saka. Amma 'yar'uwa Musulma ce, aurenta a Zariya aka ɗaura, ba a Landan ba. A shari'a abin da matar da aka saka take da shi sananne ne: ragowar sadaki in akwai, ci da sha da wurin kwana a idda, kyautar sallama, sai ɗawainiyar yara a kan ubansu. Dukiyar miji tasa ce, ta mata tata ce. Fam 18,000 da kika zuba a gida haƙƙinki ne, ki karɓa har da abin da ya haifa. Amma guminsa na asibiti fa? Hadisi ya tabbata cewa dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. In ya ba ki rabi don tsoron alƙali, kotu ta halatta miki, amma akwai wata kotun a gaba. Mutumin nan ya bar miki gida. Maza nawa ne a nan Kano za su yi haka?

Malama Hadiza, Bradford

Malam Sani, Allah ya ƙara ilimi, hadisin da ka kawo gaskiya ne, kuma ban ga inda Maman Sadik ta ce za ta ƙwata da ƙarfi ba. Tambaya ta yi ko za ta iya ganin lissafi. Yafiya a kan abin da mutum bai san yawansa ba, ita ma ai akwai magana a kanta.

Kyautar sallama da ka ambata, aya ta 241 a Baƙara ta ce a bayar da ita gwargwadon abin da aka sani na kyautatawa, aya ta 236 kuma ta ce mai yalwa gwargwadon yalwarsa. Ba a yanka mata iyaka ba. Abin da ya zama kyautatawa ga matar da za ta koma gidan ubanta a Fagge ba shi ne kyautatawa ga wadda aka ɗauko aka kawo ƙasar da ba ta da kowa, ta kai 43 ba ta da abin tsufa ba. Kuma maganar gumin mace a dukiyar gida ba Turawa suka fara ta ba. A cikin mazhabarmu ta Malikiyya, Ibn Ardun na Maroko ya yi fatawa tun ƙarni na 16 cewa matan karkara da ke aiki tare da mazajensu suna da kaso a abin da aka samu. Wasu malamai sun saɓa masa, gaskiya ne, amma dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ɗauki wannan a sashe na 49. Ban ce wannan ya sa rabi ya zama wajibi ba. Na ce ƙofar sulhu a buɗe take, kuma abin da suka yarda a kai da daɗin rai halal ne, ko kashi 20 ne ko 50.

Maman Sadik, wani abu daban. Ki shiga shafin gwamnati ki duba shekarunki na inshorar ƙasa, wato shekarun zubin da ake ƙirga wa mutum don fanshon gwamnati. Ana bukatar shekara 35 don cikakken fanshon gwamnati, kuma shi wannan sabon tsarin kusan ba a raba shi a kashe aure, kowa nasa. Uwa tana samun shekarun kyauta in tana da yaro ƙasa da 12, amma galibi sai in sunanta ne a kan kuɗin tallafin yara da gwamnati ke biya. Daga 2013 gidajen likitoci da yawa sun daina nema saboda a lokacin in albashin miji ya haura fam 50,000 ana karɓe tallafin ta haraji, matan suka yi asarar shekaru ba su sani ba. Ni uku na rasa.

Abubakar, Kaduna

Hajiya, in ya yi aiki a asibitin gwamnatin tarayya bayan 2004 kafin ya tafi, yana da asusun ajiyar fansho da ake kira RSA a nan gida Najeriya. A sa shi a fom don kada a ce an ɓoye, amma kotun Ingila ba ta da ikon yanka fanshon wata ƙasa, kuma zubin shekara uku ko huɗu na ƙaramin likita, in aka juya shi fam a canjin yau, bai kai a ɓata rai a kansa ba. Ki bar masa wannan. Ke dai ki duba naki na makaranta, ki ga sunan wa kika sa a matsayin wanda za a ba in kin rasu.

Maman Sadik, Lesta

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Rabi, na karanta naki sau uku, na yi kuka a mota kafin in shiga aji.

Ranar Asabar da ya zo ɗaukar yara na ce ya shigo ya sha shayi. Na faɗa masa yadda Anti ta ce in faɗa. Da farko ya ɓata rai, ya ce wa ke zuga ni. Sai na ba shi labarin mai kamfanin lantarkin nan, na ce takardar liman ba za ta hana ni ko wani ya zuga ni nan da shekara 15 ba, gara mu rufe ƙofar da kyau. Ya yi shiru. Ashe shi ma bai san nawa ne fanshon ba, bai taɓa buɗe takardar shekara-shekara da ake turo masa ba. Litinin ya tura neman CETV, ya nuna mini a wayarsa. Ya yarda zai jira da odar ƙarshe, ko da yake ya ce sai ya san yadda zai yi da mutanen gida a kan ranar da aka sa.

Malam Sani, na ji maganarka, kuma na faɗa masa a gaban Sadik cewa ba zan karɓi abin da bai ba ni da daɗin rai ba. Ya ce mu ga adadin tukuna.

Banki kuwa sun ce da albashina ba za su ba ni fiye da rabin bashin ba, sai dai in sunansa ya ci gaba da zama a kai. Malam Yakubu, in sunansa ya zauna a bashin har auta ta gama sakandare, ana iya rubuta wannan a cikin odar, ko sai an sayar da gidan? Malama Hadiza, na duba. Sunansa ne a kan tallafin yaran tun farko, kuma shekara 5 kawai nake da su.